Ɗigon Da Ɗanye Bai Gani Ba

Tumatir ne ya ja masa sunan. Yana ɗan firamare Inna ta aike shi kasuwa, ta ja masa kunne cewa jajaye zai zaɓo, nunannu, waɗanda za su narke a tukunya ba sai an yi dambe da su ba. Yaro ya tafi da gudu ya dawo da gudu, ya juye leda a faranti, ya tsaya yana jiran a sa masa albarka. Rabinsu kore shar. Inna ta ɗauka wasa ya tsaya yi a hanya, ya bar mai tumatir ya ɗura masa abin da ya ga dama. Shi kuwa ya rantse da Allah da hannunsa ya zaɓa, ɗaya bayan ɗaya, kuma duk iri ɗaya ne. To, rantsuwar nan ita ta ja masa duka, don a wurin Inna sakaci ana yafe shi, amma yaro ya dubi tsabar idonta ya yi mata ƙarya, wannan ba ta kwana da shi. Yayarsa na bakin ƙofa tana dariya har da riƙe ciki, ta ce daga yau sunanka Ɗanye. Suna ya zauna daram. Ya girma da shi, ya yi gemu da shi, ya yi aure da shi, har 'yarsa ta taɓa tambayar uwarta ko sunan babanta ke nan na gaskiya.

Labarin tumatir kuwa ya zama jarin Inna. Duk baƙon da ya zauna a ɗakinta har ya sha ruwa sai ya ji shi, da kwaikwayon muryar yaron da yadda ya ɗaga yatsa yana rantsuwa. Ɗanye ma yana taya su dariya, me zai yi?

Bai dai sake kawo ɗanyen tumatir ba. Ya koyi latsawa da babban yatsa, ya koyi shinshinawa. Fitilar kan titi ya san ta sama tsayawa ce, ta ƙasa tafiya. Bai taɓa ɗaukar waɗannan a matsayin dabara ba, a zatonsa kowa haka yake yi. Da Allah ya haɗa shi da mata tela, sai ta karɓe masa zaɓen kaya, ita ke fitar masa da riga da wando kowace safiya don kada ya ba ta kunya a titi. In ta aike shi sayen zare, ta ba shi ƙyalle ya gwada, sai ya dawo da abin da zai sa ta ajiye almakashi ta tsaya tana kallonsa. Shi kuma ya ce ku mata kun fiye iyayi, launi ɗaya sai ku ba shi suna goma. Duk zamansu ba abin da suka yi faɗa a kansa kamar zare.

Babansu ya rasu yana ajin ƙarshe na sakandare. Sakamako ya fito da rauni a lissafi da kimiyya, ba wanda ya kawo zancen maimaitawa. Wani abokin marigayin ya samo masa aiki a siton wani kamfanin magunguna, nan ya shafe shekara goma sha wani abu. Aikin katan ne: a sauke daga mota, a jera a kanta, a duba lambar rukuni da ranar lalacewa, a turo na kusa da lalacewa gaba, a shiga ɗakin sanyi da jibgegiyar riga ana tsakiyar zafi. Hannunsa ba ya rawa. In kayan kwalba suka zo, irin waɗanda in ɗaya ta fashe sai an rufe sito an wuni ana goge-goge, shi ake kira. Da hutun rana sauran ma'aikata na musun ƙwallo, shi yana zaune a kan katan da 'yar takardar nan mai ninki-ninki da ake sawa cikin kwalin magani, wadda kowa ke jefarwa, yana bin ta har ƙananan rubutun ƙasa. Abin da ke cin ransa shi ne yadda gari ke zama ƙwaya bai wargaje ba, da abin da ya sa wata ƙwayar ke narkewa da ta isa ciki, wata kuma sai ta kai hanji.

A saman siton akwai wani ɗaki mai bangon gilas. Daga ƙasa kana hango masu fararen riguna suna gwada samfurin kowane kaya kafin a sake shi kasuwa. Ɗanye yakan kai musu katan har bakin ƙofa, ya ajiye, ya danna ƙararrawa, ya sauko. Bai taɓa taka ciki ba, don da takalmin sito ba a shiga.

Manaja ne ya lura da karance-karancen nan nasa, ya kawo masa zancen jami'a. Ya ce akwai karatun kimiyyar haɗa magunguna, kuma sun buɗe shekarar share fage saboda irinsa, waɗanda takardarsu ba ta kai ba ko suka daɗe da barin aji. Shekara ɗaya ce ta lissafi da kimiyya, in ka haye ka shiga digirin sosai, in ka faɗi ka koma inda ka fito. Manaja ya ce zai mayar da shi aikin Asabar da Lahadi. In ya haye, kamfani zai ci gaba da riƙe shi a haka har ya gama, sannan a hau da shi ɗakin sama. In bai haye ba, ya dawo kan katan ɗinsa.

"Shekara ɗaya na roƙo maka daga manya, ɗaya tak," in ji Manaja. "Kada ka zo min da zancen ta biyu."

Matarsa ta ce ya je, keken ɗinki zai riƙe gidan. Ita ta rage masa hannun farar rigar da ya sayo, ta ƙara mata aljihu a ƙirji saboda biro, ta sa shi ya saka ya yi ta kai-komo a tsakar ɗaki tana masa tsiya wai ga likitan tumatir.

Ranar farko da ya shiga aji yara suka yi tsit, wasu har da gyara zama, sun ɗauka malami ne. Da ya ja kujera a layin baya ya zauna ya fito da littafi, sai dariya ta ɓarke. Kafin mako ya ƙare ya zama Kawu. Kawu ara min biro, Kawu ka ga wayata, Kawu taimaka a ɗauke wannan. Duk wani kaya mai nauyi da aka kawo wa ɗakin gwaji shi ake nema, shi ma ba ya iya ganin yaro ya sunkuyo zai ɗaga katan da ƙugu ya yi shiru. Lissafi ya ba shi wuya ba kaɗan ba, kan da ya yi shekaru yana hutawa ba ya tashi da wuri. Amma ya dage, a mota karatu, a hutun rana na sito karatu, har makinsa ya fara hawa. Sai dai akwai ƙa'ida guda da aka nanata musu tun ranar farko: jarrabawar ɗakin gwaji daban take, kuma dole a ci ta. Ko ka cinye takardun rubutu kaf, in ka faɗi wannan ba ka haye ba.

Wannan bai dame shi ba, don a ɗakin gwajin ne ma yake jin shi ma wani ne. Bibbiyu ake aiki. Aka haɗa shi da wata yarinya da ake kira Rediyo, saboda in ta buɗe baki da safe sai an tashi. Kanta na ja, hannunta kuwa sai dai a ce Allah ya kyauta, makon farko ma sai da ta fasa kwalba. Aikin da suka fi yi shi ne wanda ɗalibai ke kira gwajin ɗigo. Za a ba ka ruwa garau a wata kwalba mai faɗin gindi, ana so ka gano ƙarfin sinadarin da ke cikinsa. A samanta akwai dogon bututun gilas mai lambobi a jiki da ɗan famfo a ƙasa. Kana sakin ruwan bututun ɗigo-ɗigo kana jujjuya kwalbar, har ruwan ƙasa ya juya ya yi ruwan hoda mai haske, ɗan kaɗan, da ƙyar. Nan za ka rufe famfo ka karanta lamba. In ɗigo ya wuce, lissafi ya fara karkacewa. In ka bari ya yi jawur kuwa, zubar kawai ka sake.

Su biyun suka raba aiki ba tare da sun zauna shawara ba. Shi ke riƙe famfo da juya kwalba, don hannunsa na iya sakin rabin ɗigo ya bar shi rataye a bakin bututu. Ita kuma ta durƙusa, idonta daidai da kwalbar, bakinta na zuba masa labarin ƙawayenta da bai san ko ɗaya ba, sai a tsakiyar magana ta ce, "Tsaya, Kawu." Ya tsaya. Sakamakonsu ya fi na kowa kyau. Malamar ɗakin gwaji, wata doguwar mace marar yawan fara'a, ta sha ɗaga takardarsu ta nuna wa aji. Shi dai in ya leƙa kwalbar ruwa yake gani garau yadda aka ba su, amma ya ɗauka don yana tsaye ne daga sama, ita ce ke daidai da haske. Watanni aka yi a haka, bai tambaya ba, ba a tambaye shi ba.

Saura 'yan makonni jarrabawa abin ya tonu. Rediyo ta fita amsa wayar babarta, ta ce ya jira ta. Ya ga zaman banza ne, ga shi a jarrabawa kowa shi kaɗai zai yi, bari ya gwada. Ya durƙusa yadda take yi, ya saki ɗigo, ya juya, ya saki, ya juya. Ruwa garau. Ya ci gaba. Can sai ya ga ruwan ya ɗan yi duhu, kamar an wanke bakin biro a ciki, ya rufe famfo yana murna. Daidai nan ta shigo, ta ja ta tsaya, ta tambaye shi ko rini ya koma yi. Wai kwalbar ta yi jawur, tun daga bakin ƙofa ake hango ta.

Ya ce yanzun nan ta juya. Ta yi dariya, ta dubi fuskarsa, ta ga ba wasa yake ba. Ta ɗauko kwalba biyu, ta haɗa ɗaya daidai yadda ake so, ɗayar ta zuba mata ruwan famfo, ta ajiye su a kan farin tayil ta ce ya nuna mata mai launi. Ya duba, ya sake dubawa, ya matsa da su kusa da taga. Ya nuna ta hagu, don dai dole ya nuna wata. Ranar aka fara ganin Rediyo ta yi shiru.

A bakin matakala ta gaya masa abin da ta sani. Akwai masu irin wannan idon, da shi ake haihuwarsu, ba sa raba ja da kore sosai, ruwan hoda mai haske kuwa ba sa ganinsa sam. Wani ɗan ƙanin babanta an sallame shi daga neman aikin tuƙin jirgin ƙasa saboda haka, bayan ya ci duk sauran gwaje-gwajen. Ta ce in Malama ta ji, ita dai tana tsoron kada a ce wannan karatun ba nasa ba ne. Yarinya ce, abin da ta ji ta faɗa, kuma alheri take nufinsa da shi. Shi ne babba, shi ya kamata ya ce bari mu tambaya. Amma maganarta ta faɗa daidai kan abin da sito ya koya masa. A sito ba a cewa baya na ciwo. Wanda ya ce gwiwarsa ta fara damunsa, za a yi masa sannu, a ba shi aiki mai sauƙi, ranar da aka tashi rage ma'aikata kuma shi ne a gaba. Da idonsa ya ga an yi wa mutane haka. Katan ɗin da aka ga tabo a jikinsa gefe ake ture shi, ba ya komawa kanta. Don haka ya roƙi Rediyo ta rufa masa asiri, ta ce ko da wuƙa a wuya ba mai ji daga bakinta. Kaico! Bakin nan da bai taɓa riƙe zance ba, sai a wannan karon ya ga damar riƙewa.

Matarsa kaɗai ya gaya wa. Ranar Lahadi da la'asar, bayan ya dawo daga sito, ta ture kayan ɗinki gefe ta shimfiɗa farin yadi a kan teburin yanka. Suka jera kofunan gilas da ruwa, ta ɗauko ragowar jan maganin tarin 'yarsu da sirinjin da ake ba ta da shi. Ta ce ido ma koyo yake yi, ita kanta da farko akwai zaren da ba ta rabewa. Tana ɗigawa yana kallo. Ba a je ko'ina ba ta ce ga shi nan. Ya ce ina? Ta ƙara. Ya ce ta ƙara. Suka koma bakin taga, suka fita cikin rana, suka haska tocila ta bayan kofi. Ta ce ya lumshe ido ya buɗe, ya kalla ta gefen ido, ya kwatanta da kofin da ba a sa wa komai ba. Sai da kwalbar maganin ta kusa ƙarewa ya ce yanzu ya ga wani abu. Ita kuwa a idonta ruwan ya daɗe da komawa kamar lemon kwalba.

Ya buga tebur, kofi ya kife a kan farin yadin. Bai taɓa ɗaga mata murya a kan abin da ba laifinta ba sai ranar. Ta tsaya tana kallon tabon yana bazuwa. Can ta ce, "Ashe duk zaren nan da kake kawo min ba raina sana'ata kake yi ba." Ta naɗe yadin ta shiga ciki da shi, ya ji tana jan hanci. Ya zauna a kujerar keken ya rasa wa zai ba haƙuri, ita ko kansa. Ga haushi, ga tsoro, ga tausayin kai, kuma ba wanda zai kai wa ƙara.

Bai naɗe hannu ba dai. Ya je wurin mai tabarau, mutumin ya gwada shi ya ce idonsa lafiya lau, har layin ƙasa ya karanta, wannan matsalar kuwa shi ba shi da gilashinta. Ya sayi maganin ɗigawa, ya ci karas har ya gundure shi. A ƙarshe suka koma ga dabarar yara: ranar jarrabawa Rediyo za ta riƙa satar kallon kwalbarsa, in ta juya sai ta yi tari.

Ranar na zuwa aka ce ba zaman da aka saba za a yi ba, kowa ya zari lamba a bakin ƙofa. Ɗanye ya faɗa gefen taga, Rediyo ta faɗa can ƙarshen ɗaki, ta ba shi baya, ga kantar kwalabe a tsakani. Kowa da ƙarfin ruwan da aka ba shi, ballantana ka kwafi lambar maƙwabci. Ya sa farar rigarsa, ya ɗauraye bututu, ya cika shi, ya fitar da kumfar iska, komai tsaf yadda ba wanda ya kai shi iyawa a ajin. Sannan ya kama famfo.

Wallahi ba abin da ya kai wannan ciwo. Amsar tana gabanka, taki ɗaya daga hancinka, duk wanda ya waiwayo a ɗakin zai gan ta, kai kaɗai ne ba za ka gani ba. Yana ɗigawa yana addu'a. Daga ƙarshen ɗaki ya ji tarin Rediyo. Ya san ba ta hango komai, kintace kawai take yi, ta yi tari ta sake yi, har mai sa ido ya kai mata ruwa a kofi. Malama na zagayawa da hannu a baya, ta zo daidai shi ta tsaya, ta tambaya ko da matsala. Maganar tana kan harshensa. Ya buɗe baki, sai ya tuna katan mai tabo, ya ce mata komai lafiya. Ta wuce.

Ya ci gaba har ruwan ya yi ɗan duhun nan da ya sani, ya rufe, ya rubuta. Ƙa'ida sai an yi sau uku. Na biyu ya tsaya daidai inda na farko ya tsaya, na uku ma haka, ko gashi ba ya ratsa tsakaninsu. Sai wani ɗan fata ya taso masa, ya ce a ransa watakila dai yau idon ya ji tausayinsa. Ya ɗauki kwalbar zai zubar a wurin wanki, ɗalibin da ke kusa da shi ya dubi kwalbar, ya dubi fuskar Kawu, ya yi maza ya sunkuyar da kai. Shi ke nan, ya gane.

Sakamako ya fito. Takardun rubutu duk ya haye, lissafin da ya fi tsoro ma da maki mai kyau. Ɗakin gwaji ya faɗi. Bayan kwana biyu Malama ta aika a kira shi. Ɗakin ba kowa, an kife kujeru a kan tebura. Ta ce tun da take koyarwa ba ta taɓa ganin lambobi sun yi daidai da juna haka ba kuma sun yi nisa da gaskiya haka. Mai ganganci lambobinsa a warwatse suke fitowa. Wannan hannu ne mai kyau, ido ne ke tsayar da shi kullum a wurin da ba nan ba. Ta buɗe wani ɗan littafi mai shafuka cike da ɗige-ɗige ta ce ya karanta lambar da ke tsakiya. Ya ce shi tsakuwa kawai yake gani. Ta rufe littafin.

Ta tambaye shi yaushe ya sani, ya faɗa. Ta tambaye shi me ya hana shi magana. Ya ba ta labarin jirgin ƙasa, ya ba ta na sito, yana faɗa yana jin yadda maganar ke ƙanƙancewa a bakinsa. Ta sunkuya ta buɗe kabad ɗin da ke ƙarƙashin teburin da ya shekara yana aiki a kai, ta jawo wani akwati. Ya gane shi tun kafin ta buɗe, don shi ya ɗauko shi daga mota a farkon zango, shi ya tura shi cikin kabad ɗin, har ya sa masa kwali a gefe kada ya jijjiga. A ciki akwai wata na'ura mai ɗan sanda da ake tsomawa a ruwan. Ba ruwanta da launi, lamba take nunawa, in lambar ta yi tsalle ka rufe famfo.

"Kusan duk shekara sai mun samu mai irin idonka," in ji ta. "Irin wannan muke ba su. Da ka faɗa min, ko a lokacin nan da na tsaya a kanka ne, da na fito maka da ita."

Ya dafa teburin. Duk ranar gwaji gwiwarsa na gogar ƙofar kabad ɗin nan.

Malama ta yi iya yinta, wannan kam ba za a ci haƙƙinta ba. Ta kai maganar gaban kwamitin jarrabawa, ta sake kaiwa, an ce har murya ta ɗaga. Suka ce ƙa'ida ita ce a sanar da lalura kafin a miƙa takarda, in aka buɗe wannan ƙofar duk wanda ya faɗi zai zo da nasa uzurin. Kuma share fage ba ta da gyaran darasi ɗaya. Abin da za su iya yi masa shi ne su karɓe shi ya maimaita shekarar daga farko tare da sababbi, da na'urar a kan teburinsa. Ba wanda ya ɗaure masa fuska, kowa Allah sarki yake cewa. Da ma akwai mugu guda a cikin lamarin, da ya samu wanda zai tsana ya ji sanyi.

Manaja ya saurare shi har ƙarshe, ya cire tabarau ya murza ido. Ya ce ya yarda da shi, kuma abin ya taɓa shi. Amma shekara ɗaya manya suka bayar, ta ƙare. Wanda ya riƙe masa kwanakin mako ya samu wani aikin zai tafi ƙarshen wata, in Ɗanye bai dawo gaba ɗaya ba dole a ɗauki wani gaba ɗaya, har Asabar da Lahadin. Ɗanye ya tuna matarsa da ta shekara tana taka keke har ƙafa na kumbura, ga ciki ya fara fitowa. Ya ce Litinin zai fito. Manaja ya ce watakila wata shekarar, su biyun duka sun san ba wata shekara.

Rediyo ta haye. Ta kira shi tana kuka wai ita ta cuce shi. Ya ce mata ta yi karatunta, kuma ta riƙa riƙe kwalba da hannu biyu.

Litinin ya koma. Abokan aiki suka yi ta likita ya dawo, likita ya dawo, da suka ga ba ya ramawa suka bari. Kafin azahar aka ce ya kai katan sama. Ya ajiye a bakin ƙofa ya danna ƙararrawa. Ta cikin gilas ya hango irin na'urar nan a kan tebur, wata ma'aikaciya na tsoma sandan tana hamma. Shekara da shekaru yana kallon ta a nan bai san aikinta ba. Ya sauko.

Inna ba a gaya mata dalili ba, an dai ce bai samu ba. Wata ranar hutu suka kai mata ziyara, Yaya na nan, ga wata sabuwar maƙwabciya ta shigo gaisuwa. Inna ta ce ita ba ta yi mamaki ba, yaron kirki ne amma ba ya tsayawa ya dubi abu, tun yana ƙarami haka yake. Ta juya ga maƙwabciya, ta gyara zama, ta ɗauko: wata rana na aike shi sayen tumatir.

Matarsa ce ta katse ta, abin da ba ta taɓa yi ba tun da ta shigo gidan. Cikin ladabi ta ce, Inna, ba rashin dubawa ba ne. Ta yi bayani yadda ta iya, da kofunan, da maganin tarin, da littafin ɗige-ɗige. Ta ce ja da kore a idonsa kusan abu ɗaya ne, kuma an ce da shi ake haihuwar mutum. Yaya ta fara dariya, ta ga ba mai taya ta, ta haɗiye.

"Tun haihuwa?" in ji Inna. Ba matar take kallo ba, shi take kallo.

Ya ce haka aka ce.

"Har ranar nan?"

"Inna, ai ya wuce."

"Ka rantse min," in ji ta. "Ka ce duk iri ɗaya ne. Na ce ƙarya kake."

Maƙwabciya ta tuna ta bar tukunya a wuta. Shi kuwa ya rasa inda zai sa idonsa, ya tsura wa ledar ɗakin ido. Sai a lokacin ya gane ba sito ne ya fara koya masa yin shiru da abin da idonsa ke gani ba. Bai ji haushinta ba, tausayinta ya ji, tsohuwa ce zaune da hannuwa biyu a cinya tana kallonsu kamar ba nata ba.

Da suka tashi tafiya ya saɓa 'yarsa a kafaɗa ya fita bakin ƙofa yana laluben takalmi da ƙafa. Inna ta yi kira daga ciki, ta sake yi, da sunansa na yanka, wanda babansa ya raɗa masa. Ya ci gaba da sa takalminsa. Sai da matarsa ta taɓa hannunsa ta ce, "Kai ake kira."